Marka Mai Ɗaura wa Kare Zane

Marka ungozoma ce a Tungar Ɗantani, wata 'yar tunga mai gida ashirin da 'yan kai a ƙasar Maradun, kan hanyar Damaga. Ba kyakkyawa ba ce, kuma ba ta da daɗin baki. Doguwa ce, busasshiya, mai manyan hannuwa, kuma rabin mutanen tungar a cikin hannuwan nan suka yi kukansu na farko. Aure ɗaya ta yi. Ta haifi bakwai, uku suka rayu, duka mata: biyu suna aure a Jangebe, ɗaya a Bakura. Da mijinta Mamuda ya rasu, ya bar mata gona a gindin duwatsu, da awaki goma sha ɗaya, da wani baƙin kare mai suna Duna.

Surukanta sun yi ta aike ta koma wurinsu, ta ƙi. Ta ce ba za ta je gidan wani ta zauna tana jiran a miƙo mata tuwo kamar baƙuwa ba. Abin da ya ba ta bakin faɗin haka kuwa Duna ne. Gonarta ce ta ƙarshe kafin duwatsu, birai kuma ba sa jin tsoron mace. Idan dawa ta fid da kai, Duna ke wuni a gonar yana korarsu. Shi ne kuma ke hana dila ɗaukar 'yan awaki. Liman da kansa ya taɓa cewa karen gona da na kiwo ba laifi a ajiye su. Marka ba ta shigar da shi ɗaki, ba ta barin ya sa baki a ƙwaryarta, kaskonsa daban yake. Ba wasa take yi da shi ba. Yana aiki, tana ciyar da shi.

Ana nan sai aka fara aikin dam ɗin Bakolori. Manyan motoci suka cika hanyar Talata Mafara, samari suka ajiye fartanya suka tafi lebura. A bayan duwatsun nan, tafiyar rabin sa'a daga tungar, aka buɗe wurin fasa dutse. Kullum bayan azahar, ban da Lahadi, sai a ji jiniya ta yi kuka mai tsawo, a ɗan yi shiru, sannan nakiya ta tashi. Ƙasa ta girgiza, ƙura ta zubo daga rufin ɗakuna, kaji su watse. Cikin mako biyu mutane suka saba, har mata suka koma auna lokaci da ita, ka ji ana cewa a haɗu a rijiya bayan nakiya.

Karnuka ba su saba ba, Duna kuwa ya fi kowanne lalacewa. Da jin jiniya sai jikinsa ya ɗauki ɓari, ya matse wutsiya, yawu na dalala daga bakinsa. Nakiya na tashi sai ya zabura da gudu, bai san inda yake nufa ba. Ya daina zuwa gona. Ya rame.

Wata Laraba ya faɗa gidan Jafaru, ya shige ɗakin amaryarsa Hindu, ya kutsa ƙarƙashin gado. Jeren kwanonin da uwarta ta shekara tana tarawa ya zubo gaba ɗaya. Jafaru ya kamo wutsiyarsa zai jawo shi, Duna ya juyo ya cafke hannun rigarsa ya yage. Ko ƙwarzane bai yi masa ba. Amma an ga yawun, an ga idon nan ja, kuma babu wanda ya manta da Bello. Shekara bakwai kafin nan mahaukacin kare ya ciji Bello, ya mutu a ɗaure a jikin turke, yana ihu in an nuna masa ruwa.

Washegari da hantsi aka taru a ƙofar gidan maigari Ɗantala. Jatau maharbi ya zo da bindigarsa a kafaɗa. Shi da Marka taubasai ne, uwarta da ubansa ciki ɗaya, saboda haka tun suna yara ba su taɓa yi wa juna magana mai daɗi ba.

Bayan an gama gaisuwa, Jatau ya ce, "Baiwata, ki yi haƙuri. Harbi guda ne, ba zai ma ji ba."

Marka ba ta dube shi ba. Ta ajiye kaskon da ta zo da shi, ta tsiyaya ruwa daga buta, ta kira Duna. Ya zo ya sha har ya lashe gindin kaskon.

Ta ce, "Ranka shi daɗe, duk kuna nan lokacin Bello. Ku hwaɗa mini, Bello ya sha ruwa?"

Ta nuna musu kaskon.

"Wanga kare ba shi da hauka. Tsoro gare shi."

Jafaru ya ɗaga rigarsa. "Tsoron ne ya yi mini haka, Inna?"

"Kai ma in anka ja ka ta wutsiya sai ka yi cizo."

"Ni ba ni da wutsiya."

"To ka gode ma Allah."

Aka yi dariya, amma maigari bai yi ba. Ya ce ko hauka ne ko tsoro, kare mai faɗawa ɗakunan mutane yana kai cizo ba zai zauna a tunga mai yara ba. Jatau ya ce in tsoro ne akwai maganinsa na maharba: a ɗaure kare a itace, a harba bindiga a kansa sau uku, sannan a zuba masa albarushi a tuwo. Ya ce haka ya yi wa karensa Gamji, yanzu ko tsawa ba ya ji.

Marka ta ce, "In ka ɗaure Duna ka yi mishi haka, ka kashe shi sau biyu."

A nan ne bakinta ya riga hankalinta. Kowa ya san saura Alhamis biyar a naɗa Jatau Sarkin Baka, kuma maharba za su zo daga ko'ina su yi ta harbi. Ta ce a ba ta zuwa ranar. Za ta kawo Duna tsakiyar fili, babu igiya, daga harbin farko zuwa na ƙarshe. In ya gudu ko ya kai wa wani cizo, Jatau ya harbe shi a wurin, ba za ta ce uffan ba.

Maigari ya dubi dattawa, suka gyaɗa kai. Jatau ya ce, "Madalla. Zan rage albarushi guda saboda shi."

Ta kama hanyar gida. Ba ta san abin da za ta yi ba, ko kaɗan. Ta ƙara wa karen kwana talatin da biyar ne kawai, ta kuma gayyato ƙasar Maradun ta zo kallo.

Kwana biyu bayan haka aka kira ta haihuwa. Ta yanke cibi, ta wanke jinjirin, tana shirin miƙa shi sai wata ta yar da tasa a bakin ƙofa. Yaron ya zabura, ya watsa hannuwa, ya tsala kuka. Marka ta jawo tsumma ta naɗe shi tam, hannuwa a jikin ƙirji, kamar yadda ta yi wa ɗaruruwa kafinsa. Ya yi ajiyar zuciya ya yi shiru. Ta tsaya tana kallonsa har uwar ta tambaya ko lafiya.

Tana isa gida ta ɗauko wani tsohon zanen saƙi, ta tsaga shi a tsaye. Ta zagaya shi a ƙirjin Duna ta bayan ƙafafun gaba, ta gicciya a gadon baya, ta dawo da shi ta ciki, ta ɗaure a gefe kamar majanyi. Ta sa yatsa biyu ta ji ya kama amma bai shaƙe ba. Duna ya tsaya ƙiƙam, ya rasa yadda ake tafiya. Da jiniya ta yi kuka ya yi ɓarinsa, da nakiya ta tashi ya zabura, amma bai fita gidan ba. Ƙarƙashin rumbu ya shige.

Ba ta jawo shi ba. Ta ga wurin ya zaɓa, sai ta gyara masa shi. Ta toshe gefe uku da tubali, ta shimfiɗa tsohon buhu, ta bar masa ƙofa ɗaya.

Abu na biyu da ta lura da shi ya fi ba ta haushi, don shekara da shekaru yana gaban idonta. Daka ma ƙara ce, kuma tana girgiza ƙasa. Amma Duna bai taɓa gudun turmi ba. Yana jin taɓarya yake zuwa ya kwanta kusa, don ya san bayan daka akwai tuwo. Saboda haka ta mayar da dakanta bayan azahar. Ta gangaro da turmi gindin rumbu, ta kira maƙwabciyarta Taiba. Jiniya na fara kuka su fara lugude, suna cilla taɓarya sama suna tafi, da ƙarfi yadda za a ji a gida uku. Nakiya na tashi sai Marka ta jefa ƙanzon da ta jiƙa da romo a bakin rumbun.

Kwana uku bai taɓa ƙanzon ba, kaji suka ci. A na huɗu ya ci bayan komai ya lafa. A na tara, jiniya ba ta gama kuka ba ya leƙo da kai yana duban hannunta.

Labari kuwa ya riga ya zaga tunga. A rijiya mata suka tare ta.

"Inna Marka, barka da arziki! Ashe an sauka?"

"Mi anka samu, namiji ko mace?"

Jatau ya tsaya ta kan danga yana kallon Duna cikin zane, ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Baiwata, yaushe ne suna? Ni zan kawo rago."

"Kawo. Sunanka za a sa mishi."

A mako na uku ta yi wauta. Ta ga ya daina shiga rumbu, yana cin ƙanzonsa a fili, sai ta ce bari ta gama da abin gaba ɗaya. Ta ja shi har gindin wata ƙirya, kusa da inda mai jan tuta ke tsayar da mutane kafin a fasa dutse. Babu turmi, babu Taiba, babu rumbu. Nakiyar ta tashi kamar a cikin haƙoranta. Duna ya zame daga zanen ya shiga daji.

Bai dawo ba sai la'asar ta washegari, da ƙaya a kunne da tsaga a tafin ƙafa. Ranar birai suka karya mata kusurwar gona guda. Taiba kaɗai ta sani, ita kuma ta kama bakinta, don da maganar ta kai ƙofar maigari ba za a jira naɗi ba. Marka ta cire ƙayar, ta gasa masa ƙafar da ruwan zafi. Ba ta yi masa faɗa ba. Sau da yawa ta zagi mata masu son yaye yaro rana ɗaya, ga shi ita ma ta yi irin nasu.

Suka koma farko, gindin rumbu. A wannan karon ta gane wani abu game da ita kanta. Duk lokacin da ta sunkuya tana ce masa sannu da muryar tausayi, ɓarin ƙaruwa yake yi. Kamar yana cewa ashe dai da abin tsoro, tunda ita ma ta damu. Sai ta daina. Ba ta ko dubansa. Tana dakanta, suna hirar tsadar gishiri da Taiba, ƙanzo na faɗuwa kamar da kansa.

Saura kwana goma sha biyu maharba suka fara gwada albarushi da yamma a bayan gidan Jatau. Marka ta je wurin matarsa Asabe ta roƙi tsumman da yake goge bindiga, ta ajiye shi kusa da kaskon Duna don ya saba da warin. Sannan ta fara tafiya da turminta. Kwana uku a gidanta, kwana uku a ƙofar Taiba, sannan gindin tsamiyar rijiya, kullum tana ɗan matsawa kusa da harbin. In ta ga ya ƙi cin ƙanzo, ta san ta yi gaggawa, sai ta ja baya. Mutane suka ga tsohuwa na gangara turmi a kan hanya, kare mai zane na biye da ita, suka ce ashe ba karen ne ke da haukan ba.

Ranar Alhamis ɗin naɗi, tun hantsi fili ya cika. Maharba sun zo daga Damaga da Dakko da cikin Maradun, bindiga ta kai talatin, irin masu cin albarushi, kowa da karnukansa a igiya. Mata suna dakan fura a inuwar tsamiya. Marka ta gangara nata turmin zuwa tsakiyar rana, inda kowa zai gani. Taiba ta biyo ta da taɓarya biyu. Duna ya kwanta a gefe.

Jafaru ya ce, "Ranka shi daɗe, a kwance mishi wanga zane. Ba haka anka yi da ita ba."

Maigari ya ce, "Igiya munka ce. Zane ba igiya ba ne. Zauna."

Aka naɗa wa Jatau rawani, makaɗa suka ɗauka, mutum biyar suka fito suka ɗaga bindigogi sama. Ƙarar ta daki duwatsu ta dawo.

Duna ya miƙe. Kunnuwansa suka kwanta, ƙafarsa ta baya ta fara rawa. Ya yi taku biyu wajen hanyar gida. Marka ta gan shi ta gefen ido, amma taɓaryar ba ta tsaya ba. Ta ce wa Taiba, "Ke, geron nan bai bushe ba," ta saki ƙanzo a gindin turmi. Duna ya tsaya. Ya dubi hanya, ya dubi ƙanzon. Ya dawo ya ci, ya zaga sau ɗaya, ya kwanta.

Haka aka yi ta yi har rana ta take. Mutanen Dakko suka yi nasu harbin, na Damaga suka yi nasu. Hannuwan Marka suka yi kanta, geron ya zama gari tun tuni, tana dai daka. Bayan an yi sallar azahar aka ce duk masu bindiga su jeru a yi na bankwana, baki ɗaya. Suna cikin ɗura albarushi sai jiniya ta ɗauki kuka daga bayan duwatsu. Cikin hidimar biki babu wanda ya tuna da ita. Masu harbi ba su fasa ba. Bindiga talatin da nakiya suka tashi kusan tare.

Hayaƙi ya rufe fili. Karnukan maharba, waɗanda da ma nakiya ta daɗe tana cinsu a ƙauyukansu, suka fizge igiyoyi. Wani ya ja maigidansa ƙasa, wani ya bi ta cikin ƙwaryar fura, wasu suka nufi daji igiya na jan ƙasa a bayansu. Da hayaƙin ya washe, kare ɗaya ne ya rage a filin. Duna yana tsaye gaban Marka, baki buɗe, wutsiya na kaɗawa. Tun da ya ji jiniya ya san lokacin ƙanzo ya yi.

Ta ba shi. Ta jingina taɓarya, ta sunkuya ta kwance zanen, ta ninke ta ɗora a kafaɗa.

"Sarkin Baka," in ji ta, "ka ce ka rage albarushi guda saboda shi. Ga shi nan tsirara. Harba."

Jatau ya ɗura, ya matso har taku goma, ya ɗaga bakin bindiga sama ya harba. Duna ya ƙifta ido. Hayaƙin ya shiga hancinsa, ya yi atishawa, ya koma duban hannun Marka.

Taiba ta rangaɗa guɗa, matan tsamiya suka amsa. Maigari ya ɗaga hannu ya ce, "Kare ya sha. Kada in sake jin maganarsa." Makaɗa suka bar Sarkin Baka suka zagaye tsohuwa da turminta.

Ba a gama wannan ba sai ga ihu daga gidan Jafaru. Hindu ce ta fito da hannu a ka. Aka ruga. Kwanonin da ta sake jerawa suna ƙasa, a ƙarƙashin gadon kuwa Gamji ne, karen Jatau, wanda ya ci albarushi a tuwo, yana ɓari, yawu na dalala.

Marka ta leƙa ta ga abin da ke ciki, ta juyo. "To, bawana, ga mahaukacin kare. Ɗauko bindiga. Harbi guda ne, ba zai ma ji ba."

Jatau ya gyara sabon rawaninsa, ya dubi ƙasa, ya dubi jama'a. Can ya ce, "Baiwata, kina da wani zanen?"

"Ka ɗauko na Asabe. Kuma kada wanda ya ja shi ta wutsiya. Ku fita ku bar shi, shi fito da kansa."

A ranin nan karnuka tara aka kawo mata. Ta ce ba ta karɓar kare a bar mata. Mai shi zai zo da kansa kullum bayan azahar, ya ɗaura zanen da hannunsa, ya riƙe taɓarya, don muryarsa da warinsa karen ya sani, ba nata ba. Haka aka ga manyan maharba masu layu har gwiwar hannu suna lugude a gindin rumbun Marka, tana zaune a kan kujera tana gaya musu ba su iya ba. Bakwai suka warke. Biyu ba su warke ba, ta kuma faɗa wa masu su gaskiya: su haƙa musu wurin ɓuya, su ƙyale su.

Da ruwan dam ya taso aka tashi Tungar Ɗantani, mutanenta suka watsu. Surukan Marka suka sake aikowa, ta sake ƙi. Ta samu fili a gefen Dakko, ta kafa ɗaki da rumbu, ta toshe ƙarƙashin rumbun gefe uku tun kafin ta yi danga. Duna ya yi shekara huɗu yana tsare mata sabuwar gona. Wata safiya ta kira shi bai fito ba. Ta haƙa rami a bayan gida ta binne shi da zanensa, ta wanke hannu, ta aika wa Jatau cewa in karyarsa ta haihu ya ajiye mata baƙin kwikwiyo.

Ta ƙara shekara goma sha ɗaya tana karɓar haihuwa. A ɗakinta ta rasu, awakinta na tsakar gida, dawarta na cikin rumbu.